Tsohuwar jitar lantarki: yaya kuka gane ta gaske ce kafin ku biya?

Ɗan Sabon Gari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani mai sayar da kayan Beljiyam ya nuna mini wata jita, an rubuta Fender Stratocaster a kanta, fentinta duk ya tsattsage. Ya ce ta 1964 ce, kuma kuɗin da ya yanka mini ya kai na fili a bayan gari. Ta yi daɗin sauti, ba ƙarya. Ku da kuka taɓa sayen irin waɗannan tsofaffin, me kuka duba? Ina son jin abin da ya faru da ku da kanku.

Baba Mai Gyara, Jos: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kada ka ba da ko sisi sai ya yarda an kwance ta a gabanka. Na daɗe ina gyara wa masu kiɗan coci da na otal jitoci, kuma yawancin waɗanda ake kawo mini da sunan Fender, sunan kawai gare su. Takardar tambarin nan ana sayar da ita, kowa na iya liƙawa.

Fara da kan jitar. Kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, kuma daga ƙarshen shekarar aka faɗaɗa kan Stratocaster. In ta 1964 ce, kanta ƙarami ne. Juya bayanta: faifan ƙarfen da ya riƙe wuya kusoshi huɗu ne, lambar kuma tana farawa da harafin L. In ka ga kusoshi uku, ta shekarun 1970 ce. Sannan a cire wuyan, akwai hatimin wata da shekara a gindinsa. Amma abin da na fi yarda da shi shi ne bayan maɓallan murɗa sauti. Akwai lambobi a jikinsu: 304 na kamfanin Stackpole ne, 137 na CTS, lambobi biyun da ke biye su ne shekara, biyun ƙarshe mako. Wayoyin ciki ma a lokacin a naɗe suke da zare, ba roba ba. An taɓa kawo mini wata da aka rantse ta zamanin Sardauna ce, da na buɗe sai ga wayoyin roba sababbi fil da dalma tana ƙyalli.

Hajiyar Manchester: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ko an kwance ba a gama ba. Maigidana yana tara su, ni ce mai rubuta lissafi, shi ya sa na san zafin abin. Mun taɓa sayen wata a nan Ingila, wuyanta na gaske ne, hatimi da komai daidai, amma jikin na wata jitar ce daban kuma an sake mata fenti. Mai sayarwar bai ɓoye ba, shi ya sa farashin ya faɗi kusan rabi. A wannan kasuwar sabon fenti asara ne. Tsohon fentin da suke fesawa kafin wajen 1968 siriri ne, yana tsattsagewa da canjin yanayi, masu tarawa kuma wannan tsagar suke biya. Har akwai masu saka jita a sanyi da gangan don fentin ya fashe ta yi kamar tsohuwa.

Abin da ke ba ni dariya, baƙar Stratocaster ɗin David Gilmour, makaɗin jitar ƙungiyar Pink Floyd, an canja mata wuya da kayan ciki ba adadi, amma a 2019 aka yi gwanjonta a New York kusan dala miliyan 4. Wato in hannun da ya kaɗa ta sananne ne, duk dokokin nan sun tashi.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya, to in ta 1964 ce da gaske, kuɗin da ya faɗa ai ya yi kaɗan ke nan?

Hajiyar Manchester: Ƙwarai kuwa. Ta gaske wadda ba a taɓa ba dubban daloli ne masu yawa a nan. Dillalin da ya san shekararta ba zai kai ta rumfa ya jingina da firji ba.

Abzinawa: Ni daga Agadas nake, kuma abin nan naku na ajiye jita a akwati yana ba ni mamaki. A wajenmu jita ta biki ce. Ana ɗora ta a mota, a kunna janareta, a kaɗa har dare ya raba, yashi na shiga ko'ina. Mdou Moctar da duniya ta sani yanzu, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Tawa Squier ce, wato samfurin Fender mai sauƙin kuɗi, na saye ta hannun wani da ya dawo daga Libiya. Wani bature da ya zo ya ga lambarta ta fara da JV, ya ce a Jafan aka yi ta tsakanin 1982 da 1984, wai masu tarawa na nemanta. Ya yi tayi mai kyau, na ce a'a, don in na sayar ban san inda zan samu mai wuya irin nata ba.

Injiniya Kaduna: Abzinawa ya taɓo inda nake so. Ni na daina neman ta Amurka. Jitocin Jafan masu sunan Tokai da Greco na ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 suna shigowa cikin kayan gwanjo, masu sayarwa na raina su don ba su san sunan ba. Ingancinsu ne ma ya sa Fender ta buɗe reshenta na Jafan a 1982. Ina da Greco mai siffar Les Paul ta kamfanin Gibson, nauyi kamar turmi, amma in ta bi ta amfilifaya ba ka son ajiyewa. Les Paul Standard ta ainihi ta 1958 zuwa 1960 kuwa, duka waɗanda Gibson ta ƙera a garin Kalamazoo na Amurka ba su kai dubu biyu ba, don haka duk wanda ya ce yana da ita a shagonsa, ku gaisa ka wuce.

Gargaɗi ɗaya: tsohuwar amfilifaya ta Amurka wutar 110 zuwa 120 take sha, tamu 230 ce. Wani abokina ya jona tasa kai tsaye, hayaƙi kawai muka gani. A nemi taransifoma tukuna.

Baba Mai Gyara, Jos: Injiniya, ka manta da hunturu. Duk shekara daga Disamba zuwa Fabrairu nake cika da aiki. Katakon wuya yana bushewa ya tsuke, ƙarafan da ke kansa su fito gefe suna yankar yatsa, tsirkiya ta fara zuza. Mutane sai su kama murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan da ƙarfi, a tsohuwar jita kuwa in ta karye an shiga uku. Rubu'in juyi kawai ake yi, a bar ta ta kwana. Ni soso mai ɗan danshi nake sawa a robar sabulu mai huji, in ajiye cikin akwatin.

Hajiyar Manchester: Mai niyyar fita da ita waje kuma ya lura. Katakon da ke fuskar wuyan Fender na farkon shekarun 1960 yawanci na Birazil ne, wanda CITES, yarjejeniyar duniya ta kare itatuwa da dabbobi masu ƙarewa, ta hana cinikinsa tun 1992. Ba takarda, kwastan na iya riƙewa.

Ɗan Sabon Gari: Na koma da sukundireba. Da ƙyar ya yarda. Gindin wuyan ba hatimi, wayoyin roba ne, maɓallan ƙanana ba lamba ko ɗaya. Amma a ƙasan tambarin, in haske ya bugi wurin, ana ganin inuwar wani tsohon rubutu da aka kankare, kamar Tokai. Ya sauko da kuɗin sosai. Injiniya, nawa kake ganin zan taya?

Injiniya Kaduna: Turo mini hoton kan da na faifan bayan tukuna. Kuma kada ka nuna masa kana so.