Shin doka ta yarda kamfani ya ɗauki nauyin ɗan takarar shugaban ƙaramar hukuma?

Manomin Kadawa:
Assalamu alaikum. Gabanin zaɓen ƙananan hukumomin Kano na ranar 26 ga Oktoba, 2024, wani kamfanin casar shinkafa da ke sayen amfanin gonarmu ya ba wani ɗan takara motoci biyu na yawon kamfe, sannan aka raba mana taki da sunan ɗan takarar, alhali babu wanda bai san siton da takin ya fito ba. Ina roƙon masana su fahimtar da ni: doka ta halatta wannan? Kuma me kamfani yake nema a wurin ciyaman har da zai yi masa irin wannan hidima?

Ɗalibin shari'a:
Wa alaikumus salam, Baba. Sashe na 43(2) na dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, ya haramta wa kamfani ba da kuɗi ko kadara ga jam'iyya ko don wata manufa ta siyasa, kuma ya ɗora wa jami'an da suka aikata hakan nauyin mayar wa kamfanin abin da aka fitar. Sai dai mai kamfanin yana iya cewa daga aljihunsa ya bayar a matsayinsa na ɗan ƙasa, motocin kuma aro ne, kuma da wuya a sami takardar da za ta ƙaryata shi.

Tsohon kansila:
Malam, takin da kuka gani shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lamarin. A wancan zaɓen NNPP ce ta lashe kujeru 44 na Kano gaba ɗaya, kamar yadda APC ta kwashe 27 na Jigawa a watan, saboda haka ɗan kasuwa mai wayo ba ya ɓarnar kuɗinsa ranar jefa ƙuri'a, yana kai su ne wurin da ake tsayar da ɗan takara. Ku tuna cewa da farko hukumar zaɓe ta jihar Kano, KANSIEC, ta sanya naira miliyan 10 a matsayin kuɗin fom na ciyaman, miliyan 5 na kansila. Wane malamin firamare ne zai haɗa wannan ba tare da uban gida ba? Wanda ya saya maka fom kuwa ba zai yi layi a ƙofar ofishinka ba.

Amma abin da kamfani ya fi kwaɗayi, a ganina, ƙasa ce. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin noma a karkara har hekta 500 ba tare da neman amincewar gwamna ba, na kiwo kuma har hekta 5,000. Bayan wannan akwai harajin kasuwa da na lodi, da kwangilar hanyar da za ta bi ta ƙofar masana'anta.

Malamar makaranta:
Ranka ya daɗe, na yarda da batun ƙasa, amma kada mu manta da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Idan hakan ya tabbata a aikace, 'yan kwangila ne za su fi kowa rububin kujerar, domin a nan kuɗin zai sauka.

Manomin Kadawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar hekta 500 ta tsaya mini a rai, domin kwanan baya mun ga baƙi suna awo a fadamar da ke yamma da garinmu. Gobe zan je wurin dagaci in tambayi wanda ya turo su.