Wai menene MOF ɗin nan da ake cewa yana tace ruwa?

Abba_Rigasa:
Salam jama'a. Dan Allah masu ilimin kimiyya ku fitar dani daga duhu. Ƙanwata dake karanta kemistiri a KASU (jami'ar jihar Kaduna) ce ta dawo hutu ta ishe mu da labarin wani abu wai shi MOF, wai hoda ce da take zuƙe guba daga ruwa, har ruwan sha take tatsowa daga iskar hamada, ni dai na ɗauka iyayi ne irin na 'yan jami'a. Abinda yasa na damu, rijiyarmu tun damina ruwan ya canza, in ka ɗebo ka bari ya kwana a bokiti da safe sai kaga ja-ja ya kwanta a ƙasa, Hajiya tana sa alif amma ɗanɗanon ƙarfen nan yaƙi fita. Ana samun abin nan a Kaduna kuwa?

Malam_Sani:
Wa'alaikumussalam Abba. Ƙanwarka bata yi ƙarya ba. Kasan sikafol ɗin da magina suke haɗawa, ƙarfe a tsaye ƙarfe a kwance tsakiya duk fili? To haka ginin abin yake sai dai ido baya gani. Ƙwayoyin ƙarfe irinsu zinc ko jan ƙarfe sune mahaɗar, wasu sinadarai masu kabon su riƙe su, ciki kuwa ramuka birjik. Giram biyu kacal na MOF-5, wanda Omar Yaghi ya haɗa a 1999, in za'a shimfiɗa bangon ramukansa ya kai filin ƙwallo. Daɗin abin ma kai kake zaɓar girman ramin da irin ƙarfen gwargwadon abinda kake son kamawa, dalma ce ko rini ko iskar kabon. Akan wannan aikin aka basu kyautar Nobel ta 2025, Yaghi da Susumu Kitagawa na Japan da Richard Robson dake Ostireliya. Shi Yaghi a Amman aka haife shi, iyayensa Falasɗinawa 'yan gudun hijira, ya taso cikin wahalar ruwa kamar mu nan, ga shi ɗalibansa sun gwada na'urar tatsar ruwan a hamadar Arizona ta Amurka kuma ta bada ruwa.

Maman_Ilham:
Hmm Malam mun ji, amma nawa ne kuɗin? Mu nan Kakuri tun muna yara muke ganin kwata tana canza kala zamanin da masaƙu ke aiki, yau shuɗi gobe ja, duk kogin Kaduna take nufa. Har yanzu kullum sai na sayi kura ɗaya wajen 'yan garuwa. In dai ba za'a ƙulla min shi a leda na ɗari biyu ba to labari ne.

Injiniya_Bash:
Abba karka ɓata kuɗin mota zuwa Kasuwar Barci nemansa, babu. Kuma ba kowane MOF ne yake jure ruwa ba fa, shi kansa MOF-5 ɗin laima kawai ruguza shi take, sai irinsu UiO-66 na jami'ar Oslo da akayi da zirconium, shi kuma haɗa shi tsada, sannan in ya ƙoshi da gubar dole a san inda za'a kai shi. Inda ya fara aiki sosai a masana'antu ne, misali CALF-20 da ake kama iskar kabon dashi a Kanada.
Jan da kake gani alamar sinadarin ƙarfe ne, irin tsatsa. Ka riƙa sheƙa ruwan daga bokiti zuwa bokiti ya sha iska, ya kwana, sannan ka tace ta durom mai tsakuwa da yashi da gawayi. Amma ka fara kai shi lab a gwada, dan dalma bata nuna kala ko ɗanɗano a ruwa, kuma kaga abinda tayi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka mutu, duk da can yawanci ƙurar niƙan dutsen zinare ce.

Abba_Rigasa:
Nagode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Injiniya a wace irin roba zan ɗebi ruwan gwajin, ta lemo da aka wanke zata yi? Ƙanwar tawa tana nan gefe tana min dariya wai dama ta faɗa.