Ƙanena ya ce in kawo masa hujjar samuwar Allah, na rasa ta cewa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ƙanena ne, ciki ɗaya, shekararsa 21, yana aji uku a jami'a, fannin fiziks yake karanta. Bara Mama ta rasu bayan wata takwas ana yi mata wankin ƙoda. Shi ya yi jinyarta. Sau biyu a sati yake ciccibarta ya sa a a-daidaita-sahu, kuma na sha farkawa cikin dare in jiyo shi a kan sallaya yana kuka yana roƙa mata sauƙi.

Da ya dawo hutun nan na lura asuba tana wuce shi. Shekaranjiya ina tankaɗen garin tuwo ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya ce, "Yaya, ke da kika yi sauka, za ki iya tabbatar min akwai Allah? Ba aya nake so ba, hujja." Saura kaɗan rariyar ta suɓuce min. Na ce ya yi istigfari. Ya ce shi bai ce babu ba, cewa ya yi ba a tabbatar ba, kuma in komai sai da mai yinsa, to wa ya yi Mahaliccin?

Wai shin ana iya tabbatar da wannan da hankali kaɗai? Kuma in gaya wa Baba ne? Yana da hawan jini. Kwana biyu ban runtsa ba.

Wani ɗan uwa: Wa'alaikumussalam. A ƙwace wayarsa, a kai shi ruƙiyya. Bidiyoyin banza ne suka jiƙa masa kai.

Wani malamin zaure daga Zariya: Baiwar Allah, kwantar da hankalinki. Kai kuma ɗan uwa, a yi a hankali, ciwon ciki ba a shafa masa maganin ido.

Tambayar nan ta girmi kakanninmu. A cikin Sahihu Muslim, sahabbai sun kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW) cewa suna jin wani abu a ransu da suke tsoron furtawa, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Ita kuma "wa ya halicci Ubangijinka", Bukhari da Muslim sun ruwaito ta, aka ce mutum ya nemi tsari ya tsaya. Tsayawar ba gudun tambaya ba ce, ita tambayar ce a karkace. Ba mu ce komai yana da mai yi ba. Cewa muka yi duk abin da ya faru bayan da babu shi, shi ke buƙatar mai samarwa. Wanda samuwarsa ba ta da farko, ba a tambayar wa ya fare shi.

A kan wannan Imam Sanusi na garin Tilimsan a Aljeriya, wanda ya rasu a 1490, ya gina littafinsa na tauhidi Ummul Barahin da muke karantawa a zaure tun muna samari: akwai wajibi (abin da dole ya kasance), akwai mustahili (abin da ba zai taɓa yiwuwa ba), akwai ja'izi. Duniya ja'iza ce, tana iya kasancewa, tana iya rashin kasancewa, to wa ya rinjayar da samuwarta? Suratuɗ Ɗur aya ta 35 ma tambaya ta yi: shin an halicce su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar? Jubairu ɗan Muɗ'im ya ji ana karanta ta a sallar magariba tun bai musulunta ba, ya ce zuciyarsa ta kusa tashi sama. Don haka amsata: e, akwai hujjar hankali.

Wata malamar kimiyya: Allah ya gafarta Malam, ina da ɗan ƙari, don na san irin kan ɗaliban nan. In yaron ya ce "hujja", abin da ake aunawa a ɗakin gwaji yake nufi. A wannan ma'anar ba a tabbatar ba, ba a kuma kore ba, domin ma'auni yana kama abin da ke cikin duniya ne kawai. Bajamushen nan masanin falsafa Immanuel Kant ya rubuta a 1781 cewa tsurar hankali ba ya iya tabbatar da samuwar Allah, kuma ba ya iya kore ta. Masu kafa hujja da shi a intanet rabin farko suke ɗauka su bar na biyu.

'Yar uwa, kada ki je masa da maganar wai kimiyya ta gano Allah saboda an ce duniya ta fara shekaru biliyan 13.8 da suka wuce. Georges Lemaître, wanda ya kawo bayanin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, limamin cocin Katolika ne ɗan Beljiyam, amma da Fafaroma Pius na 12 ya nemi ya mai da binciken hujjar halitta a 1951, bai ji daɗi ba. Wanda ya jingina imaninsa da sakamakon bincike, ranar da sakamakon ya sauya sai ya girgiza.

Malamin zaure: Malama, na yarda ma'auni ba ya kaiwa can. Amma ban yarda hujja ta tsaya a ma'auni ba. Wane sikeli ne ya auna cewa rabi bai kai duka ba? Ibnu Sina, masanin falsafar nan Musulmi, bai ma dogara da cewa duniya tana da farko ba. Ya ce ko da jerin abubuwan ba shi da iyaka, tunda kowanne aron samuwa ya yi, dole akwai wanda samuwarsa tasa ce.

Malamar kimiyya: Haka ne Malam, ni kaina hujjar ta gamsar da ni. Sai dai akwai masu kaifin hankali da suka karanta ta ba ta tilasta su ba. Gara a gaya wa yaron haka, don in ya gano an ɓoye masa, ba zai ƙara yarda da yayarsa ba.

Wani da ya sakaya sunansa: Na karanta duka, ba wanda ya tsaya a kan wata takwas ɗin nan. Ni na shiga irin halinsa lokacin da 'yata ta rasu tana da shekara huɗu. Bakina yana cewa "a kawo hujja", amma abin da ke cin raina shi ne: na roƙa, me ya sa ba a ba ni ita ba? Kunya da tsoro suka hana ni faɗa, sai na lulluɓe shi da falsafa. Duk wanda ya zo min da muhawara na kayar da shi, in koma ɗaki in yi kuka. Wani kawuna ne ya yi ta zama da ni bayan isha'i, bai taɓa ce min kafiri ba. Shi ya gaya min Imam Gazali kansa ya yi kusan wata biyu cikin shakka, kuma ya ce ba jera hujjoji ne ya warkar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. Ban san yadda ta ƙaninki za ta kaya ba, amma ki fara tambayarsa Mama kafin ki tambaye shi aƙida.

Wata uwa: Ɗiyata, kada ki gaya wa Baba yanzu, kada dangi su ji. Kin san garin nan, magana tana fita ta zama "wane ya yi ridda", daga nan ba ki da iko da abin da zai biyo baya. Ki ja masa kunne kada ya rubuta komai a Facebook. Ki nemo malami guda ɗaya mai ilimi da sanyin hali, ba mai tsawa ba. Yaron da ya zaɓe ki ya faɗa wa, bai yi nisa ba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na kai masa shayi, na ce ya ba ni labarin daren da Mama ta cika, don ni ina gida da yara a lokacin. Ya daɗe yana juya kofin. Ashe hannunta yana cikin nasa, kuma shekara guda ke nan bai gaya wa kowa ba. Mun yi kuka har shayin ya huce. Bai janye tambayarsa ba, ni ma ban matsa ba. Na karanta masa bayanin Malam a kan ja'izi, ya ce yana da ja a kai, amma yana so ya ji daga bakin mai shi. Allah ya gafarta Malam, in na turo lambarsa ta akwatin sirri, za a iya kiransa ranar Juma'a bayan la'asar?