Foli ko in sake JAMB? Ina son karanta lantarki, dan Allah ku ba ni shawara

Abba_Kurna:
Slm 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin harkar nan ku taimaka min. Na gama sakandare, burina in zama injiniyan lantarki, na cike BUK amma makina na JAMB bai kai ba, yanzu kuma foli (kwalejin kimiyya da fasaha) ta ba ni gurbin ND, wato ƙaramar difloma, a lantarki. Baba yana cewa in karɓa kawai kar in zauna a gida, ni kuma tsorona kar in gama a ce min ai kai ba cikakken injiniya ba ne. In jira baɗi ko in tafi? Kuma gsky in an gama akwai aikin kuwa?

Injiniya_Samaru:
Wslm ƙanena. Maganar Baba tana kan hanya, kar ka ƙona shekara a zaune. ND shekara 2 ce, in ka fito da sakamako mai kyau sai ka cike DE, wato fom ɗin shiga jami'a kai tsaye da difloma, ka shiga aji 2 a jami'a, ABU ko BUK ko ATBU Bauchi ko FUT Minna, digirin shekara 5 ne, ka ga abin da ka rasa bai taka kara ya karya ba. Tsoron da kake ji kuma yana da tushe, domin a wajen COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, mai digiri ne ake wa rajista a matsayin injiniya, mai HND, wato babbar difloma, rukuninsa daban sai ya ƙara karatu. Saboda haka ka shiga folin da niyyar DE tun ranar farko, ka riƙe lissafi da fiziks da hannu biyu, wlh yawancin waɗanda kos ɗin nan yake kayarwa lissafi ne ya kayar da su ba wayar wuta ba.

Malam_Sale_Wayarin:
Ni ban yi jami'a ba, wayarin nake yi shekara da shekaru, amma yaro ka saurare ni. Ana kawo min ɗalibai masu SIWES, wato waɗanda makaranta ke turawa koyon aiki a aikace, yaro ya iya zana da'ira a takarda tsaf amma ka miƙa masa mita ka ce auna min wannan soket ɗin sai hannunsa ya kama rawa, bai san waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce mai 2.5 ta soket ba, bai taɓa ganin yadda ake kafa sandar at, wato ƙarfen da ke zubar da wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, ba, kuma wannan sandar ita ce take tsakanin matar gida da mutuwa ranar da firji ya fara jan mutane. Duk inda za ka yi karatun, ranar Asabar da lokacin hutu ka nemi oga na gari ka riƙe masa tsani. Kuma kar ka taɓa waya don wani ya ce maka ai an ɗauke wuta, ka sa testa ka gwada da kanka.

Anti_Bilki:
Kan batun aiki, akwai, sai dai kar ka sa rai takarda kaɗai za ta kai ka. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013 ga KEDCO mai kula da Kano, Katsina da Jigawa, ga TCN, kamfanin dakon wuta, mai manyan layuka na kilobolt 330 da 132, amma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Inda ƙofa take a buɗe yanzu sola ce. Ka tuna Oktoban 2024 da Arewa ta kwashe kwana da kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna? Abin ya yi min ciwo sosai, masu ƙanƙara da masu niƙa da teloli duk suka tsaya cak. Mutane da yawa sun koma sola, amma kaɗan ne suka iya lissafin lodin gida su faɗa maka inbata da batir nawa zai ɗauka, sauran haɗawa kawai suke yi batir ya mutu tun bai shekara ba.

Abba_Kurna:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Yaya Injiniya, in ina folin zan iya sake JAMB ɗin a lokaci guda?

Injiniya_Samaru:
Za ka iya, in ka samu sai ka fara daga aji 1, in ba ka samu ba ND ɗinka na nan tana tafiya. Je ka biya kuɗin rajistar folin tukuna kafin a rufe.