Golf 3: silinda biyu na tsakiya sun faɗi a geji, in sauke inji ko a'a?

Direban_Jega: Salamu alaikum jama'a. Golf 3 wagon ce, inji 1.8, ina lodin Birnin Kebbi zuwa Yauri. Bara muka cire injekta muka sa kafireta, aka kankare top (murfin saman inji) bayan ta yi zafi, aka jefar da tamostat. Yanzu da safe sai ta kama rawa, hawa kuma sai na koma giya biyu. An sa gejin auna matsin silinda: na ɗaya 170, na biyu 110, na uku 105, na huɗu 165. Ba hayaƙi, amma ruwa na raguwa kaɗan. Makanikina ya ce a sauke inji a canza ring. In yarda?

Ɗan_Argungu: Canza fulogi tukuna. Tawa haka ta yi, fulogi ne kawai.

Injiniya_Poly: Fulogi ba ya rage awon geji, ɗan'uwa. Oga direba, an cire fulogi duka huɗu kafin a auna? Inji da ɗumi? An taka totur har ƙasa? In haka ne, bambancin da ake yarda da shi bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, naka ya haura 30. Kuma biyu da uku maƙwabta ne. Idan maƙwabta suka faɗi tare, gaskit ɗin da ke ƙarƙashin top ake fara zargi, ya ƙone a ɗan siririn wurin da ke tsakaninsu. Zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. In allura ta tashi sosai, ring ne. In ta tsaya inda take, bawul ko gaskit.

Baban_Hafsa: Kada ka bari a sauke, wallahi! Ni nan aka yi wa. Sharon ɗita ce, wani makaniki, ba zan kama suna ba, ya kara kunne a bonet ya ce ring. Mako uku mota na kan duwatsu, fistin ɗina cikin tasar wanki, yaransa na wasa da su cikin ƙura. Na sayar da buhun shinkafa shida da na ajiye don bikin ƙanwata. Ranar da aka tada ta, ko Kalgo ban kai ba ta sake rawa. Ashe bawul ɗaya ne ya ƙone. Na koma, sai ya ce mini "Alhaji, ai ring ɗin ma dama ya kusa." Har yau in na wuce garejin sai na kau da kai.

Oga_Mai_Sifana: Alhaji Allah Ya mayar da alheri, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Shekara 26 ina wanga aiki. Shi kuma yaron poly, takarda daban, sifana daban. Kafireta in tana ɓarin mai, fetur na wanke bangon silinda, ring ya ci.

Injiniya_Poly: Gaskiya ne Baba, amma da haka ne ai duka huɗun za su sauka. Me ya ware na tsakiya? A tambayi wanda ya ɗaure top: daga tsakiya ya fara yana fita waje, ko dai zagayawa ya yi? Da sifanar awo ko da bututu da ƙarfin damtse? Kusoshin top na Golf miƙewa suke, ba a so a maimaita su.

Oga_Mai_Sifana: Mun maimaita su kafin a haihe ka.

Na_Kamba: Ku bar wahala. Injin Beljiyam na saya 450,000, kwana biyu na koma hanya.

Ɗan_Argungu: 450 a wace shekara? Makon jiya 700,000 aka ce mini a Sakkwato.

Sarkin_Zolaya: Golf ɗin da aka daina ƙerawa tun kafin a koma mulkin farar hula, a ɗora mata mutum tara da buhunan albasar Aliero, sannan a ce me ya same ta. Tsufa ne, a kai ta ta huta 😂

Direban_Jega: Na zuba man. Na biyu ya koma 115, na uku bai motsa ba. Na buɗe lagireto kuma ina ganin ƙananan kumfa. Gaskit nawa yanzu?

Na_Kamba: 12,000.

Baban_Hafsa: Na 12,000 kwali ne aka shafa wa fenti. Mai kyau ya haura 30,000, shi ma sai ka san mai shagon. Ni abin da ke ƙona min rai ma baƙin mai ne. Galan a rufe, hatimi lafiya, ka zuba ka ga ya yi ruwa kamar shayi.

Ɗan_Argungu: Ai masu jabun mai tsofaffin galan suke saye wurin masu wankin mota. Ni yanzu huda nawa nake da wuƙa kafin in yar.

Oga_Mai_Sifana: Sannan inji ya buga a ce makaniki ne.

Direban_Jega: To jama'a, top kaɗai zan buɗe ke nan? Kuma wanda aka riga aka kankare sau ɗaya, zai ƙara ɗauka?

Na_Kamba: Alhaji, wane mai kake sa wa Sharon yanzu?