Motata ta daina ja, makanike ya ce a cire FAP: ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Motata mai shan gazuwal ce, ƙirar Jamus ta 2012, injin lita 2, daga Kwatano aka kawo mini ita. Sati biyu ke nan fitilar inji ta kama, jiya kuma a hanyar Madarumfa ta daina ja, ko na take totur sai ta riƙa tafiya kamar an ɗaure ta. Na kai wani gareji, suka jona balis, wato na'urar binciken mota, ta fitar da lambar matsala P0544. Makaniken ya ce in ba shi jaka 60 ya farke FAP, wato matatar hayaƙin nan, ya zubar da cikinta in huta. Hankalina bai kwanta ba, don da motar nan nake kai yara makaranta. Mi kuka gani?

Direban Damagaram: Wa alaikumus salam Alhaji. Tawa an cire, tana tafiya. Amma gaskiya tana hayaƙi, kuma sai da aka taɓa ƙwaƙwalwar motar kafin fitila ta mutu.

Mai gareji a unguwar Ali Ɗan Sofo: Alhaji, don Allah kada ka bari a sa wa FAP guduma tukuna. Lambar da ka faɗa ba ita take nunawa ba. P0544 sansar zafin hayaƙi ce ta farko, wadda ke gaban turbo. Irin motarka na da uku ko huɗu jere a salansa. FAP tana tara baƙin hayaƙi, in ya taru sai ƙwaƙwalwar mota ta ƙara gazuwal, zafi ya kai wajen digiri 600, ya ƙone shi. To in sansa ta mutu, ƙwaƙwalwa ba ta san zafin da ke ciki ba, sai ta ƙi ƙonawa don kada turbo ya lalace, ta kuma rage ƙarfin inji. Kana ci gaba da yawo a haka, matatar na cika.

Ga yadda nake yi. Motar ta kwana ba a tada ta ba. Da safe a murɗa makulli kawai, a jona balis, a dubi abin da kowace sansa ke faɗi. Ya kamata su yi kusa da juna, kusa da zafin gari. Wadda ta ce -40, ko ta ce ɗaruruwa alhali inji na sanyi, ita ce mai laifi. Daga nan a zare fishinta a auna da mita. Mafi yawan na waɗannan motoci PT200 ne: om 200 a digiri 0, a safiyar Maradi za ka ga 220 da ɗan wani abu. In mita ba ta nuna komai ba, ta tsinke a ciki. In ta nuna daidai, to ku bi waya, don a jikin ƙarfe mai zafi take wucewa, takan narke, ɓera ma yakan ci ta. A ɓangaren mota kuma fishin ya ba da wuta bolt 5.

Na sha ganin an sayi sabuwa, ashe waya ce, abin na ba ni takaici.

Wata mai shago a Sabon Gari: Yaya, in za ka saya, ka tafi da tsohuwar a hannu, a duba lambar da ke jikinta. Maigidana ya aika Kano aka kawo mai kama da ita, ashe ta bayan FAP ce, tsayinta da fishinta daban.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Yau da asuba muka auna. Biyu sun ce 27 da 29, ta gaban turbo ta ce -40, mita kuma shiru. Waya lafiya lau. Sai dai sansar ta ƙi kwantuwa, yaron garejin na so ya sa mata bututu ya danna da ƙarfi.

Mai gareji: A'a, ka hana shi! In ta karye a ciki, sai an sauke turbo ko an yi huda, aikin yini ya zama na sati. A fesa mata maganin tsatsa ta kwana, gobe a ɗan tada inji ya yi ɗumi, a kashe. Tun da ta mutu, a yanke wayarta a zura sufana mai zobe, yawanci lamba 17 ce, a riƙa yi gaba da baya a hankali. Sabuwar a fara ɗaura ta da hannu, a ƙarasa wajen 45 Nm, wato awon ƙarfin ɗauri, kada a lanƙwasa bakinta, waya kuma ta koma cikin maƙalanta. Sai a goge lamba, a duba yawan baƙin da FAP ta tara. In bai wuce kima ba, ka hau kwalta zuwa Gidan Rumji ka dawo ba tsayawa, za ta ƙone da kanta. Ka duba baƙin mai ma, in ya haura alama ko yana warin gazuwal, ka yi bidanji.

Mai tambaya: Ta fita lafiya, mun sa sabuwa. Na je Gidan Rumji na dawo, fitila ba ta sake kamawa ba, ƙarfi ya dawo. Man ya ɗan haura alama, gobe in sha Allah zan juye shi.