Ragowar abincin biki: yadda za a cinye ta kafin a koma cefane

Maman 'Yan Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Biki ya wuce, baƙi sun watse, firij ya cika har ƙofar ba ta rufuwa sai an danna. Amma a gidaje da yawa, kwana biyu da biki sai a sake ɗaukar jaka a tafi cefane don yara sun ce sun gaji da ɗumame, ragowar kuma tana can ƙuryar firij har ta yi yauƙi a zubar. Abin yana damuna ƙwarai. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 abincin da aka zubar a duniya ya kai tan biliyan 1.05, kuma kashi 60 cikin ɗari daga gidaje ya fito. Waɗanda suka saba girkin jama'a, don Allah a yi mana dalla-dalla: me ake fara ci, me ake daskarewa, me ake haƙura da shi?

Mai Girkin Taro

Wa alaikumus salam, Maman 'Yan Biyu. Maganar ragowa a daren bikin ake yanke ta. Wadda ta bari sai gari ya waye, rabin abincin ya riga ya fita hannunta.

Dafaffen abinci awa 2 gare shi a waje bayan an sauke. Idan zafin gari ya wuce digiri 32 a ma'aunin Celsius, awa 1 ce. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, kuma abincin da aka jera wa baƙi a wannan tsakanin yake zaune. Don haka kar a fito da komai lokaci guda. A riƙa zubowa kaɗan-kaɗan, sauran yana kan wuta ko yana firij. Wanda ya wuni a tebur kowa yana sa masa cokali, a cire shi daga lissafi.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki tukunyar miya ko ta nama sukutum a tura firij. Gefe zai yi sanyi, tsakiya kuwa tana iya kaiwa asuba da ɗuminta. Akwai wata ƙwayar cuta, Clostridium perfringens, da take shiga wani kwanso mai tauri wanda tafasa ba ta fasa shi. Abinci na fara hucewa a hankali sai ta farfaɗo ta yi yawa. Murɗar ciki da gudawa suna zuwa awa 6 zuwa 24 bayan an ci, shi ya sa sau da yawa ake ɗora laifin a kan abincin da bai ji ba bai gani ba. A raba miyar cikin robobi marasa zurfi, kaurin abincin kar ya wuce santimita 5, kamar faɗin yatsu uku. In tana da yawa, a dasa tukunyar cikin baho mai ruwan ƙanƙara a riƙa juyawa har tururi ya daina tashi. Kaza da babban yankin nama a zare tsokar daga ƙashi a yayyanka tun a daren. Kuma a bar ɗan fili tsakanin robobin don iskar sanyi ta ratsa.

Sai lissafi. Gida mai mutum 5, idan za a ci ragowa sau biyu a rana har kwana 3, faranti 30 ke nan. Abin da ya haura haka ba zai ciwu ba komai niyya, sai ya tafi firiza ko gidan maƙwabta tun yana da kyansa. Cikin wanda aka bari a firij, a fara da salak ɗin da aka riga aka haɗa, da kifi, da shinkafa, da yankakkun 'ya'yan itace. Nama da miya su biyo baya.

Gwaggo

Bari in tsaya a kan shinkafa, don ita mutane suka fi raina. Kowa yana tsoron nama, ita kuwa ana cewa ai farar shinkafa ce, me zai same ta. Ɗanyarta tana zuwa da wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda ita ma dahuwa ba ta gamawa da ita. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe da ɗumi, ƙwayar tana fitar da guba, kuma gubar nan ɗumamawa ba ta kashe ta, ko da an soya. Amai yakan taso cikin 'yan awoyi, wani lokaci ko awa ɗaya ba a yi ba.

Yadda nake yi: in baza ta a faffaɗan tire, in farfasa ta da cokali mai yatsu don tururin ya fita, ta shiga firij cikin awa 1. A ci ta washegari, sau ɗaya ake ɗumama ta. Wadda ba za a ci washegari ba a zuba a leda, kofi biyu-biyu, a danne ta ta kwanta a sa firiza. Wajen ɗumamawa, cokali 2 na ruwa ga kowane kofi, a rufe, a rage wuta, har sai ta yi zafi ciki da waje.

Kuma shinkafar da ta kwana a firij ta fi sabuwa daɗin suya, don ta tsane ba ta caɓewa. Kofi 3 na shinkafa, ƙwai 2, albasa 1, kofi 1 na tsinkakken nama, cokali 2 na mai. Kasko ya yi zafi sosai, a fara da albasa da nama, a ture su gefe a soya ƙwan, sannan shinkafar. Idan aka cika kaskon maƙil, turara za ta yi maimakon soyuwa, gara a yi ta kashi biyu.

Kawun Yara

Gwaggo, na yarda da ke a kan shinkafa. Amma akwai gidajen da ba firij, ko wuta ba ta zama, kuma suna riƙe miya kwana da kwanaki ta hanyar tafasa ta safe da yamma. Wannan fa? Sannan ni a sanina idan abinci bai yi tsami ba, bai yi wari ba, lafiyarsa ƙalau.

Ma'aikaciyar Jinya

Kawu, ka yi haƙuri, a nan hanci ba shaida ba ne. Ƙwayoyin da ke sa abinci tsami da yauƙi daban, waɗanda ke kwantar da mutum daban, kuma na biyun ba sa canja ƙamshi ko ɗanɗano. Wari yana nuna abu ya lalace, rashin wari ba ya wanke shi.

Tafasawa kuma tana kashe ƙwayoyin da suke raye, idan miyar ta tafaso baki ɗaya an juya ta har ƙasa, ba a ce gefe ya yi ɓul-ɓul a sauke ba. Abin da ba ta kashewa shi ne gubar da aka riga aka fitar, kamar ta ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, wadda daga hannu da hancin mutane take shiga abinci. Saboda haka inda ba firij, bayan tafasa a rufe tukunyar, kar a sake sa mata hannu ko ludayin da aka lasa. Wannan rage haɗari ne kawai, kuma bai shafi shinkafa, taliya, ko duk abin da aka sa wa madara ko mayonis ba. Gidan da ba sanyi, abin da ya fi shi ne a raba ragowar a ranar.

Game da kwanaki, za ku ji magana biyu. Ma'aikatar noma ta Amurka tana cewa kwana 3 zuwa 4 a firij, hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya tana cewa awa 48. Ni bayan biki na fi karkata ga gajeren, domin firij ɗin da ya cika ana ta buɗe shi da wuya ya tsaya ƙasa da digiri 5. Mai juna biyu, tsoho, ƙaramin yaro da mara lafiya kuwa, kar a wuce musu kwana 2. Ƙwayar cutar Listeria tana girma ko a cikin sanyin firij, kuma tana iya taɓa jaririn da ke cikin mai juna biyu.

Ɗumame ya kai digiri 74 a tsakiyarsa. In ba ma'aunin zafi, a tsaga yankin da ya fi kauri a ga tururi yana fita. Maikirowef yana barin gurbi-gurbi masu sanyi, sai a tsaya a juya a tsakiyar lokaci, a bar shi minti 2 a rufe kafin a ci. A ɗebi iya wanda za a cinye, kar a riƙa ɗumama robar duka ana mayarwa. Garin neman gira kar a rasa ido.

Kawun Yara

Na gode, Malama. Maganar gubar da ba ta mutuwa ita ce ban sani ba.

Mai Gyaran Firij

Tunda an taɓo wuta. Firij ɗin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4 bayan an ɗauke. Firiza cikakkiya awa 48, wadda take rabi awa 24. Duk buɗewa ɗaya tana rage wannan lokacin, saboda haka a hana yara leƙe. Idan firizar ba ta cika ba, a cike gurbin da robobin ruwa su daskare, su ne za su riƙe sanyin. Digiri 18 ƙasa da sifili ake so a firiza.

Akwai dabarar da nake ba mutane: a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora tsabar kuɗi a kan ƙanƙarar a bar shi a firiza. In aka dawo aka tarar tsabar ta nutse ƙasa, to komai ya narke ya sake daskarewa a bayan ido. Abincin da har yanzu da ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya narke ya yi ɗumi fiye da awa 2, a haƙura.

Wajen sawa, leda a kwance ta fi ƙullin dunƙule, tana saurin daskarewa tana saurin narkewa. A matse iskar ta fita, don ita ce take busar da nama ya yi fari-fari kamar auduga. Miya a roba a bar mata santimita 2 a sama, ruwa yana kumbura in ya daskare, sai murfi ya tashi. A rubuta suna da kwanan wata, don bayan sati uku duk ledojin kama suke yi. A cinye cikin wata 3, bayan nan daɗin ne yake tafiya. Narkarwa a cikin firij, can ƙasa, cikin kwano, daga dare zuwa safe. In ana sauri, a sa ledar cikin ruwan sanyi ana canja shi duk minti 30.

Latas, kokwamba, dafaffen ƙwai da salak mai mayonis ba sa son firiza. Ruwa suke saki su tsinke.

Ƙanwar Uwargida

Yaya Maman 'Yan Biyu, in dawo kan yaran da suka gaji. Abin da ke gundurarsu shi ne ganin faranti ɗaya kwana uku, don haka a canja wa abincin kama.

Gasasshen nama da kaza suna bushewa a ɗumame saboda wuta ta biyu tana ƙara matse tsokar ta fitar da sauran ruwanta. Kar a sake dafa su. A haɗa miyar ko romon ya nuna tukuna, sannan a zuba naman a mintuna 5 na ƙarshe ya ɗau zafi sosai. Rana ɗaya a tsinka shi cikin soyayyar shinkafar Gwaggo, wata ranar a cikin burodi da albasa da tumatir, wata a daka shi da dafaffen dankali a mulmula a soya: kofi 2 na dankali, kofi 1 na nama, ƙwai 1, cokali 2 na fulawa. In ƙullin yana wargajewa a mai, dankalin ne ya yi ruwa, a ƙara fulawa a sa shi firij minti 20.

Ƙasusuwa kuma su ne abin da aka fi asara. Kilo 1 na ƙashin kaza, lita 2 na ruwan sanyi, albasa, karas da duk ganyen da ya fara yaushi. Wuta ƙasa-ƙasa awa 2 zuwa 3, ana kwashe kumfa. Kar a sa gishiri, don naman biki ya riga ya sha kayan haɗi, romon kuma yana ƙonewa gishirin yana ƙara fitowa. A tace, a huce shi da sauri kamar yadda aka faɗa a sama. Da shi kaɗai da ɗan taliya an samu abincin dare.

Burodi kar a sa shi firij, sanyin firij yana sa shi saurin tauri. A yanka a daskare. Wanda ya riga ya bushe a yayyafa masa ruwa a sa oben mai digiri 180 minti 5 zuwa 8, ko a jiƙa shi a ƙwai da madara a soya. Wanda ya yi funfuna ko a gefe ɗaya ne a zubar da shi duka, saiwar funfunar tana ratsa cikin burodi inda ido ba ya gani.

In za a fita cefane a satin nan, a buɗe firij a rubuta abin da ke ciki tukuna, a sayo abin cike giɓi kawai. Yawanci ƙwai ne da albasa da ɗan ɗanyen ganye.

Maman 'Yan Biyu

Allah ya saka da alheri. Saura abu biyu: kek, da dankalin da aka gasa cikin takardar alminiyom.

Mai Girkin Taro

Kek mara kirim yana kwana 3 zuwa 4 a rufe a waje, kuma yana daskarewa lafiya in an yanka an naɗe kowane yanki. Mai kirim ɗin madara ko kastad firij yake zama, a cinye cikin kwana 2.

Dankalin kuwa a warware takardar tun da zafinsa. In ya huce a naɗe, ba iska a ciki, kuma irin wurin da ƙwayar cutar Clostridium botulinum take so ke nan, gubarta tana shanye jijiyoyi har ta hana numfashi. A buɗe shi, a raba biyu, ya shiga firij cikin awa 2. In ya kwana a naɗe a kan tebur, kar a ɗanɗana shi ma.